Ƙwallon da Baba Ya Ba Kociya Whitcomb

Akulik, Alaska
Nuwamba, 1997

Noemí 'yata,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙarshen duniya. Ina fata kina lafiya, da babanki Rubén, da mamarki, da ƙafar Kaka mai kumburi. Ni lafiya lau, sai tarin da na kwasa wurin ɗalibai. Kogi ya daskare, jirgin wasiƙu kuwa sai ranar da ya ga dama yake zuwa, shi ya sa na rubuto da wuri don wannan ta riski ranar da za ki sa hannu a takardar kwaleji.

Barka, Mimi! Shekara da shekaru ina zaunar da 'ya'yan mutane a ofis ina taya su zaɓen kwaleji, kullum ina ce musu su nemi inda kai da jiki za su ƙoshi tare. Yau ga 'yar ƙanena ta samu. A kwalejin San Telmo za ki karanta aikin injiniyan ruwa da safe, da yamma ki tsaya tsakiyar fili ki jefa ƙwallon sofbol, masu sanda su yi ta neman bugunsa. Na gaya wa kowa a ƙauyen nan, har matuƙin jirgi.

Ki ce wa babanki na sallama. Kin tuna ranar da Kociya Whitcomb ta San Telmo ta zauna a teburinmu da rani, ta ci tamale, alalar masarar nan ta mamarki, har ta nemi ƙari, ta kama hannunsa ta ce, "Yarinyarku tawa ce"? Ya tashi ya ɗauko mata ƙwallon nan na kan talabijin, na wasan da babu wadda ta iya taɓa jifarki, ya danƙa mata. Da ta tafi na dame shi cewa kada ya sallami sauran kwalejoji sai an ga takarda. Ya ce, "Ofelia, boko ya hana ki yarda da mutane. Mace ta ci abinci a gidana, ta ba ni hannu, me kuma kike nema?" To ga ranar takarda ta zo. Ya yi mini dariyar da zai yi, na yarda.

Ki aiko mini da hoto, kina riƙe da biro.

Gwaggonki,
Ofelia


Selma, Kalifoniya
Disamba, 1997

Gwaggo Ofelia,

Muna lafiya. Ƙafar Kaka da sauƙi. Allah ya raba ki da tarin.

Babu hoto, Gwaggo. Babu takarda.

Mama ta kwana biyu tana naɗe tamale. An yi kek mai launin rigar San Telmo. Dangi sun cika gida, har da Fada na cocinmu. Muna jiran mai kawo saƙo, sai ga Kawu Chuy ya shigo da jarida a naɗe, ya ja Baba waje. A shafin wasanni muka gani: San Telmo ta ɗauki mai jifa daga Arizona, doguwa, ga hotonta tana murmushi kusa da Whitcomb. Ko waya matar nan ba ta yi mana ba. Baba ya yi ta kira, kullum a ce tana taro. Da ya same ta daga ƙarshe, ta ce, "Malam Barragán, ai magana ce kawai muka yi. Haka harkar take."

Kin san shi da kansa ya kira sauran kwalejojin tun da rani ya ce musu an riga an ba da ni. Yanzu duk sun cika.

Kek ɗin kaji aka zuba wa. Baba ya ɗauki bokitinsa, wanda yake kifewa ya zauna a kai yana cafe mini ƙwallo tun ina ƙarama, ya ce mu je bayan gonar inabi. Na yi ta jifa har hannunsa ya kumbura cikin safar cafe ƙwallo. Ya ce in ƙara.

Wasiƙarki ta iso bayan kwana kaɗan. Mama ta ɓoye don kada ya gani.

Noemí


Akulik
Disamba, 1997

'Yata,

Na gode Allah da kuna lafiya. Tarina ya tafi, amma da na karanta wasiƙarki sai da na zauna a ƙasa a ɗakin ajiye wasiƙu, Malama Agnes, abokiyar aikina, ta ɗauka rasuwa aka yi.

A bangon ofishina akwai rubutun da na manna wa yara game da haƙuri da yafiya. Ranar nan na juya masa baya. Mace ta shigo gidanmu, ta ci girkin mamarki, ta karɓi ƙwallon da mahaifinki yake goge wa ƙura duk Lahadi, alhali tana da wata a Arizona a cikin aljihu! Ban yafe ba, kuma kada wani ya ce miki dole ki yafe kafin Kirsimeti. Ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da za ki tsaya gaban matar nan ki jefa ƙwallo har ta rasa inda za ta sa fuskarta.

To, mu koma aiki. Ƙofa ba ta rufe ba, akwai sa hannu na biyu a watan Afrilu. Akwai wata kwalejin kimiyya a Minnesota, Harlow. Ƙarama ce, sanyinta ya kusa kai namu, amma malaman ruwanta sun fi na San Telmo, kuma 'yan wasanta ba kanwar lasa ba ne. Mai jifarsu tana gamawa bana. Ki sa Chuy ya ɗauke ki a bidiyo, daga gaba da daga gefe, ki aika wa kociyarsu, Madam Lindgren, tare da sakamakonki na lissafi. Kada ki ji kunyar yabon kanki a wasiƙar. Ke ce yarinyar da ta zana mini yadda rijiyar kakanki ta ƙafe tun kina aji shida.

Ki rungume mini babanki ko da zai ture ki.

Gwaggo


Selma
Janairu, 1998

Gwaggo,

Barka da sabuwar shekara. Kowa lafiya, ana ta yankan rassan inabi, hazo ya rufe gari.

Na karanta wa Baba wasiƙarki a tebur. Da na zo wurin da kika ce har ta rasa inda za ta sa fuskarta, ya buga tebur ya ce, "Yauwa! Ashe bokon bai gama cinye ta ba." Rabonsa da dariya tun ranar kek.

Kuma Allah ya amsa addu'arki da sauri. Koci Dunleavy na kwalejin Redbank ya kira. Kin san Redbank da San Telmo ba sa ga maciji, rukuninsu ɗaya, duk shekara sai sun haɗu gida da waje. Ya ce ya ji abin da aka yi mini, ya ce shi ma ya san halin Whitcomb sarai. Ya ce, "Zo wurina, shekara huɗu za mu yi muna dafa ta."

Shekara huɗu, Gwaggo! Na riga na ga fuskarta.

Babu karatun injiniya a Redbank, na duba. Amma akwai wasu darussan, zan zaɓi wani abu. Ruwa ba zai gudu ba. Na aika bidiyon Harlow don kin ce, har Madam Lindgren ta amsa da wasiƙa mai daɗi, amma Harlow ina, San Telmo ina? Idan na tafi can, Whitcomb za ta mutu ba ta sake jin sunana ba.

Za mu kai ziyara Redbank a watan Maris. Na gode da kika tsaya mini. Na san ke kaɗai za ki fahimta.

Mimi


Akulik
Fabrairu, 1998

Noemí,

Ina gaishe ku duka. Ni lafiya. Iska ta taso, ban san ranar da wannan za ta bar ƙauyen nan ba, waya kuma ta mutu tun makon jiya. Allah ya sa wasiƙar ta riga ziyararku.

Tsaya, 'yata. Na ce ina so ki kunyata Whitcomb. Ban ce ki ɗauki rayuwarki ki ƙara mata a kan ƙwallon da ta riga ta tafi da shi ba. Ta ƙwace miki San Telmo. Idan kika bar karatun ruwa saboda ita, wannan ke kika miƙa mata, ba ta ma roƙa ba. "Zan zaɓi wani abu." Ke? Da na ji wata ɗaliba ta faɗi haka a ofishina, ba za ta fita ba sai an tashi makaranta.

Idan kin je Redbank, ki buɗe kunne. Shin Dunleavy ya ce ki jefa ya gani? Masu jifa nawa gare shi a gabanki? Ki ja wata 'yar wasa gefe, ba wadda ya haɗa ki da ita ba, ki tambaye ta me take karantawa, kuma wa ya zaɓa mata. Mutumin da ya kira yarinya ya fara da zancen maƙiyiyarsa kafin zancen hannunta, ni ban natsu da shi ba.

Yanzu ga abin da nake so ki karanta wa babanki da ƙarfi. Kafin wayar ta mutu na kira Madam Lindgren. Na tambaye ta yadda suke wasa a watan Maris alhali ƙanƙara ta binne filinsu. Ta yi dariya ta ce ai duk makarantun arewa kudu suke gudu a hutun bazara. Su Kalifoniya suke zuwa. Manyan makarantu suna son gayyatarsu, don suna ganin 'yan arewa ba su taka ƙasa ba tun kaka, nama ne mai laushi na wasa haƙora. Na ce, su wa suka gayyace ku baɗi? Ta lissafa. Mimi, San Telmo tana ciki.

Wasa ɗaya ne tak. Wataƙila ba za a sake ba. Amma a filinta ne, gaban mutanenta, ranar da ta shirya cin bulus, kuma ke ce za ki riƙe ƙwallo, ba zaman benci za ki yi ba. Washegari ki koma ajinki ki ci gaba da zama injiniya.

Ni dai na faɗi nawa. Hannun da zai sa hannu naki ne.

Gwaggonki da ba ta huce ba,
Ofelia


Selma
Maris, 1998

Gwaggo,

Muna lafiya, in dai lafiyar jiki ce. Ke fa? Wata biyu shiru. Mama ta ce iska ce. Ni na ce kin zuga ni kin koma gefe. Ko kuwa kin ji kunya ne, mai ba yara shawara ta koya wa 'yarta ramuwa?

Mun je Redbank. Fili mai kyau, an ba ni riga da sunana a baya. Na zo da safata da takalmana. Ba wanda ya ce in saka.

Dunleavy ya kai mu ofis ya rufe ƙofa. Ya ce, "Kin yi sansanin horon Whitcomb na rani shekara nawa?" Na ce huɗu. Ya turo mini takarda da fensir. "Idan ta taɓa hula sannan ta shafi hannu, me take gaya wa mai bugu? Idan ta tafa sau biyu fa?" Alamominta yake so, Gwaggo. Duk abin da ta koya mana a asirce.

Na ce, "Koci, ba ka son ganin jifata?"

Ya ce, "Akwai lokaci, 'yan mata. Ina da uku a gabanki. Ke kanki nake so."

Na tambaye shi ko zan iya ɗaukar darussan kimiyya ko da babu injiniya. Ya ce 'yan wasansa ba sa shiga ɗakin gwaji, yana cin lokacin atisaye. Wai ofis zai zaɓa mini abu mai sauƙi.

Na dubi fensirin nan. Wallahi na so in rubuta. Na san su duka, ko a barci aka tashe ni. Amma sai na ga kaina shekara huɗu a benci ina raɗa wa wani ƙato abin da hular wata take nufi, wasu suna jifa. Ba haka na ga abin ba a bayan gonar inabi. Da hannuna nake so. Na ajiye fensir na ce na gode.

A mota Baba ya ce, "An ba ki wuƙa kin mayar." Na ce wuƙar ba tawa ba ce, ni ce wuƙar. Ya ce, "Kin fara magana kamar gwaggonki." Muka isa gida. Ya rataye bokitin a rumfa. Ina jifa a bangon sito ni kaɗai.

Yanzu ba San Telmo, ba Redbank, ba Baba, ba ke. Afrilu ta kusa.

Noemí


Selma
Afrilu, 1998

Gwaggo!

Wasiƙarki ta iso! Ambulan ya jiƙe ya bushe, an buga masa hatimi har uku. Ki yi haƙuri da waccan wasiƙar, ki jefa ta a murhu.

Na karanta masa da ƙarfi kamar yadda kika ce. Yana gyaran famfo, bai juyo ba. Da na zo kan San Telmo sai ya ajiye sifana. Ya ce, "Sake karanta wurin." Na sake. Ya ce, "Wasa ɗaya?" Na ce ɗaya. Ya ce, "To sai a shirya shi da kyau."

Ya sauko da bokitin. Na sa wa Harlow hannu ranar Laraba, a ofishin makaranta. Ba kek. Baba ya karanta takardar daga sama har ƙasa da tabaran Kaka kafin ya bar ni in taɓa biro.

Mimi


Harlow, Minnesota
Maris, 1999

Gwaggo Ofelia,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, sai kafaɗa da ke tsami. Mun dawo daga Kalifoniya jiya, ƙanƙara ta tare mu a ƙofa. Na san kina jira, don haka ba zan ja ki ba.

Kin san Whitcomb tana tsayawa a gefen fili tana leƙen yadda mai jifa ta kama ƙwallo a cikin safa. Idan ta ga kamun jifa mai sanyi, wato marar gudu, sai ta kira sunan mai bugu, yarinyar ta jira. Idan ba ta kira ba, mai zafi ce ke tafe. Ita ta koya mana wannan da bakinta. Duk ranin bara ni da Baba abu ɗaya muka yi a bayan gona: jifa mai sanyi da kamun mai zafi, hannu ya zagaya da ƙarfi, ƙwallo ya taho yana ɗingishi. Baba ya raɗa mata suna Gurguwa. Farkon koyo ta fasa masa leɓe, ta farfasa tagar sito.

Ranar wasan dangi sun cika mota uku. Chuy ya zo da ganga. Baba ya ƙi hawa benen 'yan kallo, ya kife bokitinsa a bayan shingen waya ya zauna.

Ban fara da kyau ba. Na bugi wata a cinya, ta biyu ta ɗaga ƙwallona ya haye katanga, ci ke nan, Allah ya taimaka an riga an fitar da ta farkon, da biyu ne. Ɗaya da nema, suna gaba. Na ji wani a cikin mutanensu yana cewa, "A mayar da su cikin firiji!" Mai cafe mini, Britta, ta zo ta ce, "Barragán, kin kawo mu nan ne ki yi kuka, ko ki yi jifa?"

Sai na saki Gurguwa. Whitcomb ta leƙa, ta ga kamun mai zafi, ta yi shiru. Yarinyar ta kai bugu tun ƙwallo bai yi rabin hanya ba, ta juya kamar mai rawa, ta zauna a ƙasa. Ta biyu haka. Ta uku haka. Whitcomb ta fara kiran suna a inda bai kamata ba, suna jira, mai zafi tana wuce su. Kafin zagaye na biyar 'yan wasanta sun daina kallonta. Gwaggo, wannan ya fi mini komai daɗi. Tana ta taɓa hula, ba mai dubawa.

Mun ci biyu a zagaye na shida, ba da wata bajinta ba, doguwar Arizona ce ta yi jifar da ta wuce kan mai cafe mata. Biyu da ɗaya aka tashi.

Aka yi layin gaisawa. Na tafa da 'yan wasanta duka, ba su yi mini komai ba. Ita ce a ƙarshe. Ta yi murmushi ta ce, "Barragán! Kin girma. Idan sanyin can ya ishe ki, akwai wuri a wajena. Na ba ki magana." Ta miƙo hannu. Hannun nan dai.

Na bar shi a iska. Na ce, "Kociya, Baba ya ce ki mayar masa da ƙwallonsa."

Ta ce, "Wane ƙwallo?"

Baba ya taso ya kama shingen waya. Ya ce, "Wanda kika karɓa a teburina, bayan kin ci tamale kin nemi ƙari." Da ƙarfi ya faɗa, iyayen 'yan wasanta suna tsaye, har da wasu 'yan sakandare da ta gayyato su ga makaranta. Wata uwa ta juyo ta tambayi Mama me ya faru. Mama kuwa ta gyara tsayuwa ta fara daga farko.

Whitcomb ta ce ba ta san inda yake ba, ta wuce da sauri.

Madam Lindgren ta ba ni ƙwallon wasan. Na kai wa Baba, ya juya shi a hannu ya ce, "Yana da kyau. Amma ba shi nake nema ba." Don haka ga shi a cikin wannan kwali, naki ne.

Ina da jarrabawar gudun ruwa a bututu ranar Juma'a, ban buɗe littafi ba tun da muka tafi. Ki yi mini addu'a.

'Yarki,
Mimi


Akulik
Afrilu, 1999

Injiniyata,

Lafiya lau nake, rana ta fara daɗewa, kogi yana ƙara yana shirin fashewa. Kwalin ya iso. Ki sa wa kafaɗar nan ƙanƙara, ai ba ku rasa ta ba. Yaya jarrabawar? Kada ki ɗauka murna ta sa na manta. Ki rubuto mini sakamakon, ko mai kyau ko mara kyau.

Na karanta wasiƙarki a ofis. Na tashi na rufe ƙofa, na ja labule, na taka rawa ni kaɗai gaban rubutun haƙuri da yafiya har Malama Agnes ta ƙwanƙwasa ta ce lafiya? Ƙwallon yana kan teburina. Duk ɗalibin da ya shigo ya ce mini wani koci ya yi masa alƙawari, sai in miƙa masa ya riƙe, in ba shi labarin, sannan mu nemi takarda.

Ke kin gama naki. Ki bar matar nan, ki kama littafi, sauran shekaru uku naki ne ba nata ba.

Amma babanki yana da gaskiya, ba a mayar da ƙwallonsa ba. Wannan ki bar mini. Na rubuta wa Kociya Whitcomb wasiƙa mai ladabi ƙwarai, na tambaye ta ko ta duba ƙarƙashin kujerar motarta. Wata mai zuwa zan tambaye ta ko ta duba sito. Hunturu a nan yana da tsawo, Mimi, kuma jiya na sayi kan sarki da ambulan, kwali guda.

Gwaggonki,
Ofelia